Zaren Kaka, Shunin Iya

Tun da maigidana ya rasu hannuna bai zauna haka nan ba. Zaman takaba dogo ne. Masu gaisuwa su zo su cika gida, su watse, a bar mace da bango da tabarma da gurbin da mutum yake zama ba ya nan. Na yi kuka har muryata ta dushe, kuma har gobe ina yi, ba na ɓoyewa, don mun daɗe tare bai taɓa barina na kwana da baƙin ciki ba. A cikin wannan zama ne wata jikanyata ta shigo da 'yar tsanarta ta roba, tsirara, rigar ta ɓace a wurin wasa. Ta ɗora mini ita a cinya ta fita da gudu. Na dubi abar nan, na sake dubanta, sai na aika aka samo mini zare da tsinken saƙa guda biyu. Daga ranar nake saƙa wa 'yan tsanan unguwa tufafi, zane da riga da kallabi, kullum biyu-biyu, fari da shuɗi. Ba na karɓar komai, ladan na tsofaffi biyu ne da suka yi ni mutum. Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ba. Faɗa nake ana rubutawa, don in na tafi kada a ce tsohuwa ce ta ruɗe ta koma wasan yara.

Maradin da na buɗe ido a cikinta ba wannan ba ce. Tana can ƙasa a fadama, kusa da gulbi, tun kafin ruwa ya kore mu mu hau tudu a yanka mana hanyoyi miƙaƙƙu kamar an ja da igiya. Lungunan tsohon gari a karkace suke, kowanne da warinsa, nan daddawa, can hayaƙin maƙera, gaba kaɗan majema. Da asuba taɓarya ce ke tashe mu. Gida ɗaya ya fara, na kusa ya amsa, kafin rana ta fito gari duka ya ɗauka. In hantsi ya yi sai ƙarar masaƙa ta karɓa daga rumfunansu, ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, har la'asar. Yanzu a nan unguwar Zariya inda nake zaune wurin ɗana, injin niƙa ne ke gurnani tun safe, in an je Sabon Gari kuwa atamfa ce tuli har tana jan ƙasa, wadda aka ɗinka bara a ce ta tsufa. Ba na zagin zamani, ƙuguna ya san sauƙin da ya kawo. Amma yaran yau ba su san cewa kowane zare da ke jikin mutum akwai hannun da ya murza shi ba. Mu mun san hannun, mun san mai shi, wani lokaci ma ɗaki ɗaya muke kwana.

Ni da irin wannan hannu na kwana. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Kaka, Bagobira ce daga Tibiri, doguwa siririya, tsage ya cika mata kumatu daga gefen baki har kunne. Da kakanmu ya rasu mahaifina ya je da jaki ya ɗauko ta, ta zo da 'yan ƙorenta da taskirar kaɗinta, ta ƙi yarda kowa ya riƙe mata taskirar a hanya. A Tibiri an san ta da arafiya, zaren nan siriri da masaƙa ke ja a tsaye, wanda in ya yi gudaji saƙa duka ta lalace. Nakan zauna gabanta ina kallo tana gurje auduga a kan dutse da sandar ƙarfe, ta shiɓe ta da baka har ta tashi kamar kumfa, ta naɗa sutu, ta dangwali alli da yatsu biyu, ta murza mazari. Daga nan sai zare ya riƙa fitowa daga hannunta na hagu kamar dama can yana ciki. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi sai ta yi ciwo. Takan ce macen da ba ta iya kaɗi ba, ko ta ci ado kayan aro ne a jikinta. Ni kuwa sunana a bakinta ja'ira, safe da yamma.

Kakata ta wajen uwa kuma, Iya, a Jiratawa take. Gajera ce mai ƙiba, muryarta tana riga ta shiga gida. A lokacin babu waɗannan hanyoyin ruwa da aka gina don noman rani, gulbi ne ke malala ya janye, mutane su bi danshi su shuka. Iya tana da 'yar gonar auduga da tukwanen shuni a bayan ɗaki, tana rina wa matan ƙauye zare, hannuwanta shuɗaye har gwiwa, mu jikoki muna tsokanarta cewa tuwonta ma shuɗi ne. Ita da Kaka ba su taɓa gaisawa kamar mutane ba. In ta shigo Maradi ranar kasuwa, tun daga zaure za ta ɗaga murya.

"Ke Bagobira, har yanzu kina nan ba ki mutu ba?"

Kaka ba ta ko ɗaga kai daga kaɗi. "Ina jiran ranar da za a wanke hannun nan naki, mai shuni. So nake in ga wanda zai iya."

Sai su zauna tabarma ɗaya, su fasa goro ɗaya, suna zagin juna har inuwa ta juya.

Sai shekarun nan suka zo da Nasara ke yaƙi can ƙasarsu. Mu Faransa ke mulkinmu, Katsina da Kano kuma suna hannun Ingilishi, aka rufe iyaka, gardi, 'yan sandan Faransa, na kama duk wanda suka gani da kaya. Kumandan, Baturen da ke mulkin gari, na son gujiya, yana son hatsi, yana son maza a aikin hanya. Kantuna suka zama wayam. Tufafi suka yi wuya har na ga matar da ba ta fita sai 'yar'uwarta ta dawo ta ba ta zane. Ƙyallen da a da ake zubarwa ya zama abin faci, faci kan faci. Mu yara abin ya zo mana ta wurin 'yan tsana. Tamu ba ta roba ba ce, ƙashin ƙafar ragon layya ne, a goge shi tas, a liƙa masa kai da kakin zuma, a yi masa ido da kitso. Muna goya su, muna yi musu aure da suna yadda muka ga iyaye na yi. To, a shekarun nan ba uwar da za ta ba ɗiyarta ƙyalle don wasa. Muka koma ɗaura musu ganye, rana ta yi ganyen ya bushe ya karye. Aka daina sunan 'yar tsana a unguwarmu gaba ɗaya, don wa zai tara mutane ya fito da jaririya ba zane?

A daidai lokacin da zaren hannu ya fi daraja, sai farar yana ta fara rufe idon Kaka. Ba ta faɗa wa kowa ba, mu ne muka ga tana laluben alli yana gabanta. Hannun bai manta ba, amma ido ne ke ganin inda sutu ya yi kauri a ja, inda ya yi siriri a sassauta. Zarenta ya fara fitowa da gudaji, kamar igiyar da akuya ta tauna. Mahaifina ne ke kai mata kasuwa. Masaƙin da ya daɗe yana saye ya ja zaren a kan farcensa, ya girgiza kai, ya ce ko abawa, mai kaurin da ake jefawa a kwance, ba zai yi ba. Mahaifina mutum ne mai taushin zuciya, ya kasa dawo mata da shi. Ya sayo goro da gishiri, ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, masaƙi na gaishe ki, ya ce a ƙaro." Zaren kuwa ya ba mahaifiyata ta jefa a wata tsohuwar randa a ƙuryar ɗakinta, ta rufe da faifai. Kasuwa bayan kasuwa haka ake yi. Kaka na kaɗi da ƙwazo, tana raba wa maƙwabta goro tana cewa na guminta ne, randa na cika.

Wata rana da hantsi mahaifiyata ta tafi rijiya, Kaka ta shiga ɗakinta neman kanwa. Ina tsakar gida ina tsince hatsi na ji shiru ya yi yawa. Na leƙa na same ta a durƙushe, hannunta cikin randa har kafaɗa, tana fito da dunƙulen zare ɗaya bayan ɗaya, tana shafawa tana jerawa a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta jira har mahaifina ya dawo, ta sa aka kira shi.

"Wanga na wa ne?"

"Inna..."

"Na ce na wa ne?"

"Naki ne, Inna."

"Goron da na raba wa mutane ina cewa gumina ne, ashe sadaka ce ɗana ke ba ni. Kun maishe ni yarinya, kun ba ni tsakuwa ina wasa kuna dariya."

"Wallahi ba wanda ya yi dariya, Inna."

"Da kun yi ma da ya fi. Ɗauke taskirar nan, ka kai wa wadda ke da ido."

Daga ranar ta kwanta ta juya fuska bango. A kai tuwo a ɗauke shi yadda aka kai, hura kaɗai take kurɓa, ita ma sai an yi ta roƙo. Ba ciwo a jikinta. An kawo rubutu ta sha, 'yan'uwanta na Tibiri da ke riƙe da al'adar gidansu ta da suka zo da turare da saiwoyi, ba abin da ya canza. Ta daina zagina, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Na ji mahaifiyata na gaya wa maƙwabciya a hankali cewa in aka ci gaba haka tsohuwar ba za ta ga damina ba. A lokacin ban gane ba, ina cewa wa zai ƙi tuwo saboda zare? Sai yanzu da na wayi gari ba wanda ke jiran in dama masa hura, ba wanda ke tambayata inda hularsa take, na san abin da ya kwantar da ita. Tsoho yana iya jure yunwa da ciwo. Abin da ba ya jurewa shi ne ya ji ana lallashinsa ne kawai har ya tafi.

Ni kuwa talla ba ta tsaya ba. Ina kai hura wajen bariki, inda baƙaƙen ma'aikatan Nasara ke zaune. Akwai matar wani mai rubutu, 'yar Dahome, kowa Madam yake ce mata. Kullum tana zaune a inuwa da tsinken ƙarfe biyu da dunƙulen zare a cinya, tana yin wani abu da take kira tiriko. Ba turaku, ba rami, ba ƙoshiya irin na masaƙa, amma tufa na sauka daga hannunta. Nakan ajiye ƙwarya in tsaya kallo har hura ta yi tsami, na sha faɗa a gida saboda haka. Ran nan ta kira ni da gurguwar Hausarta, "Yarinya, zo, kai gani, kai yi." Ta kama yatsuna ta nuna mini yadda ake zura tsinke, a naɗo zare, a jawo, a zame. Na lura zarenta ya fi abawa kauri, kuma in ya zo da gudaji ba ya hana komai, sai ya shige cikin saƙar ya zauna. Da na koma gida na roƙi mahaifiyata dunƙule ɗaya daga randa. Ta dube ni ta ce in ɗauka, ba wanda zai nema.

Tsinke ne ban da shi. Da muka je Jiratawa gaida Iya na gaya mata. Ta saro reshen sabara, ta fere guda biyu da wuƙar yankan kuɓewa, ta goge su da tsingaro, ta shafe da man shanu. Na zauna gindin tukwanen shuni na yi ta fama, ina saƙawa yana zamewa, har wani abu ya fito, karkatacce mai ramuka, amma ya isa ya zagaye ƙugun 'yar tsana. Iya ta ɗaga shi sama ta kalla.

"Zaren wa ne wannan mai kama da tuwon da bai tuƙu ba?"

Mahaifiyata ta ba ta labari duka. Iya ta ajiye ɗan zanen a cinyarta. Can ta juyo wurina. "In an yi suna, sunan wa za ki sa wa 'yar?"

Na ce na Kaka.

"Lalle ne. Ni da na fere tsinke ni ce bare. Maza nemo wani ƙashin a yi biyu." Ta fizge rabin zaren ta tsoma a shuni. "Fari nata, shuɗi nawa. Ranar kasuwa zan zo in ga ko ta mutu."

Ta zo kuwa, da kwandon auduga a ka. Wannan karon ba ta yi ihu daga zaure ba, sai da ta shiga ɗaki ta tsaya a kan Kaka.

"Bagobira, an ce kin yi fushi da tuwo. Me ya yi miki?"

Kaka ta ƙara juya fuska bango.

"Tashi ki ji abin da jikarki ta yi da ƙazamin zaren nan naki."

Na sa wa Kaka ɗan zanen a tafin hannu. Ta murza shi kaɗan ta ture.

"An sake shirya wata. A da goro ne, yanzu kuma yarinya aka turo. Ku bar ni in mutu da mutuncina."

Iya ta zauna daɓas a gefen tabarma. "Ni? Ni zan ji tausayinki? Ni da na ce ɗanki dogon banza bai isa ya auri ɗiyata ba, a gabanki na faɗa. Wace rana na taɓa gaya miki magana mai daɗi? Zarenki ya ɓaci, masaƙi ya yi gaskiya. Amma wannan saƙar ta baƙi irinsa take so. In ƙarya nake, ga yarinya ga tsinke, riƙe zaren da hannunki."

Kaka ta juyo daga bango. Sannan ta tashi zaune ta miƙo hannu. Na sa mata dunƙulen a cinya, ta zaro bakin zaren ta ratsa shi tsakanin babban yatsa da manuniya, ta ba ni. Na fara saƙa. Duk jan da na yi, sai zaren ya bi ta yatsunta kafin ya iso wurina. Gudaji ya zo, na ga ta matse shi, ta bi shi da ɗayan hannun har kan tsinke, tana jira ta ji ya tsinke ko ya maƙale. Ya shige. Ta lalubo shi cikin saƙar, ga shi nan zaune. Wani ya zo, ta sake bi. Ta shafa tsinken, ta shafa yatsuna, ta shafa abin da ya sauka.

"Ina na tsaye, ina na kwance?"

"Babu, Kaka. Zare ɗaya ne duka."

"Ƙarya kike, ja'ira."

Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba. Don ta tabbatar, sai ta zare tsinken daga hannuna ta ja bakin zaren. Aikin da na yi duka ya warware, ya koma zare a cinyarta. Na fashe da kuka, Iya ta fashe da dariya har tana dukan cinya. Kaka ta ce, "Wagga saƙa ba ta da amana. Abin da yaro zai ja ya tsiraita mutum a kasuwa." Ta koma ta kwanta. Amma ba ta juya bango ba, kuma da aka kawo tuwo ta ci 'yan lomomi. Iya da za ta tafi ta ajiye kwandon a bakin ƙofa ta rufe shi, ta ce in ba a so akuya ta ci.

Na sake saƙa zanen, na yi na shuɗi, na ƙara da kallabi. Da na fita da 'ya'yana biyu goye a baya unguwa ta ɗauka. Kafin a jima duk sabarar da ke bakin gari ta san wuƙar 'yan mata. Ina koya wa wannan, ita tana koya wa waccan, mahaifiyata na raba zaren randa har aka ga gindinta. Aka sa ranar suna, na 'yan tsanan unguwa duka a haɗe, a tsakar gidanmu. Amma ƙananan da ba su da ƙarfin rububi ba su sami zare ba. Su ba su san labarin masaƙi ba, ba su san lallashi ba, abin da suka sani an ce daga ɗakin tsohuwar nan zaren ke fitowa. Sai su taru a ƙofarta da 'yan tsanansu na ƙashi tsirara.

"Kaka, zare ya ƙare."

"Ku tahi ku ba ni wuri."

"Kaka, tawa ce kaɗai ba zane. Ɗan kaɗan."

"Na ce ku tahi, masu majinar banza!"

Ta jefe su da faifai su watse, gobe su dawo. Ni dai ban ga ta taɓa kwandon ba. In na dawo talla nakan dube shi, yana nan a rufe inda Iya ta bar shi.

Ranar suna muka share gida tun da safe. Kowacce ta samo abin da ta iya, wannan tafin hatsi, waccan gujiya, muka dafa a 'yan kasake. Wata babba a cikinmu ta zama ungozoma, wata ta liƙa gemun gashin masara ta zama liman, wata mai baki ta zama maroƙiya. Iya ta zo daga Jiratawa ta hakimce a kan turmi kamar uwar biki, manyan mata na leƙe ta kan darni suna dariya. Aka fara raɗa suna ɗaya-ɗaya, maroƙiya na shela. Da aka zo kan nawa ta ɗaga mai shuɗin zane ta kira sunan Iya na yanka, mahaifiyata ta sunkuyar da kai. Ta ɗaga mai farin ta kwarara sunan Kaka da ƙarfi har ana ji a waje. Mahaifiyata, da ba ta taɓa furta sunan surukarta ba tun da aka kawo ta gidan, ta toshe kunne ta ruga madafa. Ni ma yau ba zan faɗe shi ba. Jika ce ni, ina da dama, amma na bar wa kaina shi.

Sai muka ji murya daga ɗaki. "Wa ke kiran sunana gatsal haka da rana tsaka, kamar na saci akuya?"

Kaka ta fito tana dafa bango. Rabon da rana ta taɓa ta tun ranar randa. Ta rame ƙwarai, amma ta ɗaura kallabi, ta sa awarwaronta.

Iya ta ce, "Takwara aka yi miki, Bagobira. Ta fi ki kyau, don ita ba ta da baki."

"Kawo ta."

Na sa mata a hannu. Ta shafa kan, ta bi tsagen da na zana a kakin da ƙaya, ta ce bai cika ba, Gobirawa ba su da rowar tsage. Ta shafa zanen gefe da gefe, ta ja bakinsa ta ji na ƙulle shi, ba ya warwarewa. Sannan ta sa hannu cikin zanenta ta fito da mazari cike taf da sabon zare, fari fat, mai kauri. Daga baya na ji ashe in na fita talla takan kira mahaifiyata ta gurje mata auduga ta shiɓe, su mayar da murfin kwando, ta kuma rantsar da ita kada ta faɗa.

"Ga barkata," in ji ta. "A raba wa waɗanga da suka hana ni sakat. Kuma ku ji da kyau, da gangan na yi shi da kauri, irin wanda wagga saƙa marar amana ke so. Kada wani ya ce kuskure ne."

Mahaifina yana tsaye a bakin zaure, ban san lokacin da ya shigo ba. Ta ji tarinsa ta juya wajen.

"Kai kuma, wanga ba na kasuwa ba ne. Riƙe goronka."

Ya durƙusa inda yake, yana dariya hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "To, Inna."

Matan kan darni suka rangaɗa guɗa, yara suka rufe ta. Iya ta sauko daga turmi ta shimfiɗa tabarma, ta ja ta ta zaunar. Kaka ta ɗanɗani tuwon suna daga kasko ta ce ba gishiri, amma ta cinye. Ta sa aka fito da taskirarta, wadda ashe ba a kai ko'ina ba, tsakar gida, gaban kowa.

"Ke ja'ira, zo nan. Kin iya ta baƙi, ba ki iya ta gidanku ba. Abin kunya. Miƙo yatsu."

Na miƙa, ta shafa mini alli da hannunta.

Ta ga daminar nan, ta ga wasu da yawa bayanta. Da sanyi ya shigo, uwayen da suka yi ta leƙe suna dariya su ne suka riƙa zuwa da jariransu na gaske, suna roƙon a saƙa musu hula, kuma ba wadda ta zo don tausayi, kunnen ɗanta take jiye wa sanyi. Ina alfahari da cewa daga waɗannan mata biyu na fito. Allah ya haskaka kabarin Kaka, ya haskaka na Iya, ya ajiye su kusa da juna a Aljanna, don in aka raba su ba wadda za ta sami abokiyar faɗa.